JINKIRI A WASANNIN INTANET: Laifin Nisa ne, Cunkoso ne, ko Maƙurewar Kamfani?

Gabatarwa

A cikin duwatsun Birnin Kudu akwai waɗanda in an buge su sukan yi amo kamar kuge, waɗanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi rubutu a kansu a shekarun 1950. Wanda ya tsaya a nisan kilomita ɗaya daga mai bugun zai ga hannu ya sauka a kan dutse, amma ba zai ji amon ba sai bayan kusan sakan uku, domin sauti yana tafiyar kimanin mita 340 ne a kowane sakan. Abin da ido ya gani daban, abin da kunne ya ji daban, kuma tsakaninsu akwai jinkiri.

Wannan tsohon jinkiri shi ne ya dawo da sabuwar riga a zamanin wayar hannu. A ɗauki misalin ɗalibin sakandare a Unguwar Ya, wanda ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi data, ya zauna bayan sallar Isha'i don ya kara da wani abokinsa a wasan ƙwallo na eFootball ko wasan PUBG Mobile. Yana danna allo, ɗan wasansa ba ya motsi sai bayan wani lokaci; kafin ƙwallo ta bar ƙafarsa an riga an ƙwace ta. Nan take yakan yanke hukunci cewa kamfanin layi ne ya maƙure masa intanet. Wani lokaci gaskiyarsa ne. Amma sau da yawa ba a nan gizo ke saƙar ba, kuma wanda bai tantance cutar ba zai yi ta ɓarnar kuɗi a kan maganin da ba nata ba.

Mene ne Jinkirin?

Wasan intanet ba a cikin wayar ɗan wasa kaɗai yake gudana ba. A mafi yawan irin waɗannan wasanni akwai wata babbar kwamfuta a wani wuri mai nisa, wadda ake kira uwar garke, ita ce alƙaliyar wasan. Duk abin da ɗan wasa ya danna, wayarsa takan naɗe shi a ɗan ƙaramin ƙunshin saƙo ta aika wa uwar garke, ita kuma ta haɗa shi da na sauran 'yan wasa, ta yanke abin da ya faru, sannan ta maido amsa. Wannan kai-komo yana faruwa sau gommai a kowane sakan.

Lokacin da ƙunshi yake ɗauka ya je ya dawo shi ne 'yan wasa ke kira ping. Ana auna shi da milisakan, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan, kuma shi ne lambar nan da ake gani a kusurwar allo da haruffan ms a gefenta. In lambar tana ƙasa da 50, da wuya ɗan wasa ya lura da komai. In ta kai 100 zuwa 150, za a fara jin nauyi. In ta haura 200, wasa mai bukatar hanzari ya zama wahala.

Wajibi ne a bambanta abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, wato faɗin layi da jinkirin layi. Faɗin layi shi ne yawan saƙon da zai iya wucewa a sakan ɗaya, ana auna shi da megabit. Jinkiri kuwa shi ne tsawon lokacin da saƙo guda yake ɗauka kafin ya isa. Babbar mota ɗauke da buhu ɗari uku na riɗi tana da ɗauka, amma ɗan acaɓa mai riƙe da wasiƙa ɗaya zai riga ta isa. Kallon bidiyo aikin babbar mota ne, domin yana cin megabit da yawa, amma bai damu da jinkirin sakan ɗaya ba, tun da waya takan tara hoton a gaba. Wasa kuwa aikin ɗan acaɓa ne: ƙunshinsa ƙanana ne ƙwarai, amma dole su isa a kan kari.

Jikin Ɗan Adam ma Yana da Nasa Jinkiri

Dalilin da ya sa milisakan ɗari yake da muhimmanci yana cikin jikin ɗan wasa. A shekarar 1850 masanin kimiyya na Jamus, Hermann von Helmholtz, ya auna saurin saƙo a jijiyar kwaɗo, ya gano cewa bai wuce kimanin mita 30 a sakan ba, alhali kafin nan ana zaton saurinsa ya fi ƙarfin awo. A jikin mutum, jijiyoyi mafi sauri sukan kai kimanin mita 120 a sakan. Daga lokacin da ido ya ga abu, saƙo ya isa ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwa ta yanke shawara, umarni ya gangara zuwa yatsa, akan ɗauki kimanin milisakan 200 zuwa 250.

Ke nan in 'yan wasa biyu sun yi daidai a ƙwarewa, ɗaya yana da jinkirin layi na milisakan 30, ɗayan yana da 230, to na biyun tamkar mutum ne da aka ninka masa lokacin da jikinsa ke ɗauka kafin ya mai da martani. Bugu da ƙari, ƙwaƙwalwa tana iya sabawa da jinkiri in ya tsaya a wuri ɗaya, kamar yadda maharbi ke harbi a gaban tsuntsu mai tashi. Abin da ba ta iya sabawa da shi shi ne jinkiri mai hawa da sauka, yanzu 80, an jima 400. Wannan rawa ta fi tsayayyen jinkiri ɓata wasa.

Tafiyar Ƙunshi Daga Unguwar Ya

Ƙunshin da ya bar waya a Unguwar Ya yakan fara tafiya ne a iska zuwa turken sadarwa mafi kusa. Daga nan ya bi ta wani turken ko ta wayar gilashi da aka binne a gefen titi, har ya isa cibiyar kamfanin. In uwar garken wasan tana ƙasar waje, sai ya gangara Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000, inda manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka sauka: SAT-3 da ta fara aiki a 2002, MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, da kuma ACE, sai Equiano ta kamfanin Google da ta iso a 2022.

Haske yana tafiyar kimanin kilomita 300,000 a sakan a sarari, amma a cikin gilashi yakan sauka zuwa kimanin kilomita 200,000. Tsawon wayar MainOne daga Legas zuwa Fotugal ya kai kimanin kilomita 7,000. In aka haɗa da tafiyar cikin Nijeriya da kuma ta cikin Turai zuwa birni irin Frankfurt na Jamus, za a samu kusan kilomita 10,000. Zuwa milisakan 50 ne, dawowa 50, jimla 100, tun kafin a lissafa tsaye-tsayen da ake yi a na'urorin kan hanya. Wannan kaso na jinkiri babu kamfanin da zai iya cire shi, domin dokar halitta ce. Da a Legas uwar garken take, da kason nisa bai wuce milisakan 11 ko 12 ba. Wannan ne amfanin cibiyar musanyar intanet ta ƙasa, IXPN, da aka kafa a 2006, wadda ke da reshe a Kano, domin saƙon cikin gida ya tsaya a cikin gida.

An ga muhimmancin waɗannan wayoyi ƙarara a ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da guda huɗu daga cikinsu suka lalace a tekun da ke daura da Kwaddibuwa. Intanet ya yi nauyi a Nijeriya da maƙwabtanta, domin an tilasta wa saƙonni bin hanyoyi masu nisa da cunkoso.

Dalili na biyu shi ne cunkoso. Turken sadarwa yana da iyakar abin da zai iya ɗauka, kuma duk wayoyin da ke kewayensa su ke raba wannan ƙarfi. Da hantsi, lokacin da mutane ke gona da kasuwa da makaranta, hanya a buɗe take. Bayan Isha'i, lokacin da kowa ya buɗe TikTok da Facebook da YouTube, sai ta koma kamar titin Wudil ranar Juma'a. Dalili na uku shi ne raunin sabis: nisa daga turke, ko dutse a tsakani, abin da ba baƙo ba ne a ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, ko bango mai kauri da rufin kwano. In ƙunshi ya lalace a iska, dole a sake aiko shi, ko kuwa ya ɓace ɗungurungum, sai a ga ɗan wasa ya yi tsalle daga wuri zuwa wuri.

Maƙurewa: Yadda Take da Dalilinta

Maƙurewa ita ce kamfani ya rage saurin layin wani mutum ko na wani nau'in saƙo da gangan, ko da hanya tana da sauran wuri. Ta bambanta da toshewa, irin wadda aka yi wa Twitter a Nijeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ta kuma bambanta da katse layi baki ɗaya, kamar yadda aka yi a Jihar Zamfara a Satumban 2021 saboda matsalar tsaro. A maƙurewa ƙofa a buɗe take, an dai rage faɗinta ne, kamar yadda jijiyoyin jini na fata kan tsuke a lokacin hunturu, jini bai tsaya ba amma ya ragu.

Iri biyu ne suka fi yawa. Na farko shi ne na ƙa'idar amfani: wasu tsare-tsaren data da ake tallatawa da sunan "ba iyaka" suna ɗauke da sharaɗin cewa in mai saye ya cinye wani adadi, za a sauke saurinsa har zuwa ƙarshen rana ko na wata. Na biyu shi ne na zaɓen nau'i: kamfani yakan yi amfani da na'urar da ke duba alamun ƙunshi, ta gane wannan na bidiyo ne, wancan na sauke manyan fayiloli ne, sai ta rage wa wasu sauri.

Ta yaya rage faɗi ke haifar da jinkiri, alhali an ce wasa ba ya bukatar faɗi? Amsar tana cikin jerin gwano. Na'urar maƙurewa kamar mazurari take: abin da ya fi ƙarfin bakinta ko dai a zubar da shi, ko a tara shi a ma'aji ya jira. Alal misali, a ce ma'ajin yana riƙe da kilobayit 64, wato bit 512,000. A layi mai saurin megabit 10, za a kwashe wannan tari a cikin milisakan 51. Amma in an sauke layin zuwa kilobit 128, kwashe shi zai ɗauki sakan huɗu cur. Ƙunshin wasa, komai ƙanƙantarsa, in ya shigo ya tarar da hotunan WhatsApp da sabunta manhajoji a gabansa, dole ya bi layi. Injiniya Jim Gettys na Amurka ne ya ja hankalin duniya ga wannan matsala ta kumburin ma'aji a 2010. Darasin a nan shi ne, sau da yawa abin da ke kashe wasa a maƙurarren layi shi ne sauran kayan da wayar ɗan wasan kanta ke turawa.

Abin da Doka Ta Ce

Rigimar maƙurewa ta daɗe a duniya. A 2007 an gano kamfanin Comcast na Amurka yana yi wa saƙonnin BitTorrent katsalandan, hukumar sadarwa ta ƙasar kuma ta tsawata masa a 2008. A 2018, ana tsakiyar yaƙi da gobarar daji a Jihar Kalifoniya, kamfanin Verizon ya maƙure layin 'yan kwana-kwana na gundumar Santa Clara saboda sun haura adadin tsarinsu, abin da daga baya kamfanin ya amsa cewa kuskure ne. A 2019 kamfanin AT&T ya amince ya biya dala miliyan 60 kan zargin rage wa masu tsarin "ba iyaka" sauri ba tare da ya yi musu cikakken bayani ba. Wannan ya nuna cewa maganar ta wuce ta wasan yara.

A Nijeriya, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, wadda aka kafa a 1992, ita ke sa ido a kan kamfanonin layi. A 2019 ta fitar da kundin ƙa'idojin intanet wanda ya hana kamfani toshe ko maƙure halattaccen saƙo, in ban da matakan da suka dace na sarrafa cunkoso da kare hanyar, ya kuma wajabta bayyana wa mai saye irin matakan da ake ɗauka. Saboda haka rage saurin da aka rubuta a sharuɗɗan tsari, mai saye kuma ya amince, daban yake da wanda aka yi a ɓoye. Mai ƙorafi zai fara ne da kamfaninsa, ya karɓi lambar ƙorafi. In bai gamsu ba ya kira NCC a lamba 622, wadda kyauta ce.

Gwajin da Aji Zai Iya Yi

Gani ya kori ji. Malamin kimiyya zai iya mai da wannan tambaya aikin aji na mako guda, da waya ɗaya da littafin rubutu. A tsaya a wuri ɗaya, a auna sauri da jinkiri da manhajar Speedtest sau uku a rana: bayan Asuba, da Azahar, da bayan Isha'i. A rubuta sauri da jinkiri da yawan datar da aka cinye zuwa wannan lokaci. Ya kamata a sani cewa gwajin kansa yana cin data, don haka kada a yawaita shi fiye da kima.

In sakamako ya yi kyau da Asuba ya lalace da dare, kullum haka, to cunkoso ne. In ya gyaru da zarar an fita tsakar gida ko an hau tudu, to raunin sabis ne. In sauri yana da kyau, jinkirin Speedtest kaɗan ne, amma lambar cikin wasa tana tsaye a wajen 130 dare da rana, to nisa ne. In kuwa sauri ya faɗi farat ɗaya bayan an cinye wani adadi na data, ya kuma tsaya a lamba ɗaya ba hawa ba sauka ko da Asuba, alhali wata waya mai irin layin a wuri ɗaya tana gudu, to wannan ita ce alamar maƙurewa ta ƙa'idar amfani. Domin gano ta zaɓen nau'i, a kwatanta sakamakon Speedtest da na shafin fast.com na kamfanin Netflix, ko a yi amfani da manhajar Wehe da masu bincike na Jami'ar Northeastern ta Amurka suka ƙirƙira musamman don wannan aiki. Awo ɗaya ba hujja ba ne. Sai abin ya maimaita kansa.

Akwai kuma wata maƙurewar da ba ruwan kamfanin layi. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi a Jigawa kan haura digiri 40, waya takan rage gudun ƙwaƙwalwarta da kanta don kada ta ƙone, musamman in ana wasa tana caji. Alamarta ita ce hoto ya riƙa sarƙewa alhali lambar ms ba ta tashi ba.

Magunguna

Sanin wurin bugu shi ne ƙira. Kafin a fara wasa a rufe sauran manhajoji, a dakatar da sabunta manhajoji da saukar hotuna da bidiyo kai tsaye, a kuma daina raba intanet da wasu wayoyi. Wannan mataki kyauta ne, kuma shi ne ya fi tasiri a maƙurarren layi, domin yana kwashe jerin gwanon da ke gaban ƙunshin wasa.

Na biyu, a karanta sharuɗɗan tsari kafin a saya, a kuma riƙa duba abin da aka cinye. Tun da NCC ta amince da ƙarin farashin da ya kai kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, kowane gigabayit ya ƙara daraja. Wasan kansa ba ya cin data sosai. Sabunta shi da kallon bidiyo su ne ke kai mutum ga iyakar da ake maƙurewa. Manyan saukewa a bar su zuwa lokacin da hanya ba cunkoso.

Na uku, in wasan ya ba da zaɓin yanki, a gwada su ɗaya bayan ɗaya a ɗauki mai ƙaramar lamba. Kusanci a taswira ba kullum ne kusanci a waya ba, domin saƙo yana bin inda aka shimfiɗa waya ne. Na huɗu, a nemi wurin da sabis ɗin 4G ya tsaya sosai, domin ya fi 3G saurin amsawa, a kuma gwada layin wani kamfani, tun da turakunsu da cunkosonsu ba ɗaya ba ne. Na biyar, a cire wa waya riga, a zauna a inuwa, a sauke ingancin hoton wasan.

Game da VPN, sai a yi hattara. Aikinsa shi ne ya lulluɓe ƙunshi ta yadda kamfani ba zai gane nau'insa ba, don haka yana iya taimakawa a maƙurewar zaɓen nau'i kaɗai. Ba ya maganin cunkoso, ba ya maganin raunin sabis, ba ya kuma ɗaga takunkumin da aka sa wa layi gaba ɗaya. Hasali ma yakan ƙara jinkiri, domin ƙunshi sai ya ratsa wata tasha kafin ya isa. Na kyauta kuwa, da ire-iren manhajojin da ke alkawarin ninka gudun intanet, da yawansu talla suke cika waya da ita, wasu kuma bayanan mai waya suke kwasa. Babu manhajar da za ta sa haske ya ƙara gudu.

Tauraron ɗan adam ma iri-iri ne. Tsofaffin da ke nisan kilomita 35,786 suna da jinkirin kusan rabin sakan saboda nisa kaɗai. Na Starlink, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, suna shawagi ne kusa da duniya sosai, don haka jinkirinsu kaɗan ne, sai dai tsadar kayan ta fi dacewa da makaranta ko cibiya, ba aljihun ɗalibi ba.

Kammalawa

Layin da ɗalibi ke wasa a kai shi ne wanda zai cike takardun JAMB a kai, shi ne mai POS a kasuwa ke jira ya amsa, shi ne kuma malamin asibiti a ƙauye zai nemi shawarar likita ta kansa. Ɗan wasa dai ya fi kowa saurin jin ciwon ne, domin aikinsa da milisakan ake auna shi. Ɗalibin da ya koyi auna layinsa, ya rubuta, ya kwatanta, ya ware nisa daga cunkoso, ya ware cunkoso daga maƙurewa, ya yi aikin kimiyya cikakke. In kuma sakamakon ya nuna an tauye masa abin da ya biya, to littafinsa mai ɗauke da rana da lokaci da lamba shi ne zai tsaya masa a gaban kamfani da hukuma.